Ragin ɗalibai a kan Windows: wane zaɓi ya dace da kwamfutarka?

Ƙanwata da ke aji uku a jami'a ta turo mini hoton fuskar laftof ɗinta, ga saƙo ya cika allo wai Windows 10 ta daina samun tallafi. A ƙasan hoton ta rubuta: "Yaya, an ce ana yi wa ɗalibai ragi. Nawa zan tanada?" Na ce mata kada ta tanadi ko sisi sai ta gaya mini abu biyu: lambar firosesar kwamfutar, da kuma ko makarantarsu ta ba ta adireshin imel nata na kanta.

Ragin da ta ji labari an taɓa yin sa kam. A 2009, lokacin da Windows 7 ta fito, ɗalibin Amurka mai imel ɗin makaranta yana samun ta a kan dala 29.99, alhali sauran jama'a suna biyan 119.99. A 2013 an sayar wa ɗalibai Windows 8 Pro a kan dala 69.99 maimakon 199.99. Daga nan kasuwar ta juya. Apple, da ya sayar da babbar manhajar kwamfutocinsa na Mac, Snow Leopard dala 29 da Mountain Lion dala 19.99, ya saki Mavericks kyauta a 2013, kuma bai sake karɓar kuɗin babbar manhaja ba. Microsoft ya bi sahu a 2015, ya ba masu Windows 7 da 8.1 damar hawa Windows 10 ba ko kwabo. Yau ɗalibi ɗayan biyu yake samu: ko kyauta gaba ɗaya, ko cikakken farashi irin na kowa. Aikin da ke gabanka shi ne gano ɓangaren da kake kafin wani ya karɓi kuɗinka.

Abin da za a auna

Ma'auni na farko ya fi sauran nauyi: injin zai ɗauka? Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, tana neman RAM gigabait 4, ma'aji gigabait 64, guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da firosesar da ke cikin jerin da Microsoft ya amince da su. A laftof, wannan na nufin Intel zubi na takwas zuwa sama, AMD kuma yawanci daga Ryzen 3000. A nan ake yi wa ɗalibai sakiyar da ba ruwa a kasuwa. Mai shago zai ce maka "Core i7 ce fa", ya yi shiru a kan zubin. Lambar da ke bayan karan ɗori (-) ce ke faɗin gaskiya: i5-8250U zubi na takwas ce, ta wuce, i7-7500U zubi na bakwai ce, ba ta wuce ba duk da i7 ɗin, i5-1135G7 kuwa ta goma sha ɗaya ce. Yawancin laftof ɗin gwanjo da suka cika hannun ɗalibai, irin su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T470, sun tsaya a na shida ko na bakwai. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta ba ka amsa cikin minti ɗaya. In ta ce babu TPM, kada ka yanke ƙauna tukuna, sau da yawa a kashe yake a cikin BIOS, wato saitunan inji da ake shiga kafin Windows ta tashi, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD.

Sai kuɗi, kuma ba na lasisi kaɗai ba: akwai data, akwai ladan mai gyara, akwai rigimar neman katin bankin da zai biya dala. Sai tsawon rai, wato har yaushe za a ci gaba da turo facin tsaro, gyare-gyaren da ke toshe ɓaraka, kuma me zai faru ranar da ka kammala karatu. Sai manhajojin kwas ɗinka, domin bukatar mai karanta Shari'a daban take da ta mai zanen gini. Na ƙarshe sauƙin aiki da haɗarin rasa fayiloli.

Hawa Windows 11 da lasisin da kake da shi

In injinka ya cika sharuɗɗa kuma Windows 10 ɗinka halastacciya ce, magana ta ƙare. Hawan kyauta ne, Home ta koma Home, Pro ta koma Pro, kuma lasisin na na'urar ne har ta mutu, ko kana ɗalibi ko ka gama. Tun zamanin Windows 8 kamfanoni suke dasa lambar lasisi a cikin jikin kwamfutar, shi ya sa ba ka ganin takardar da ake mannawa a ƙasa kamar da. Abin daɗin shi ne laftof ɗin gwanjo da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka, su EliteBook da Latitude da ThinkPad, galibi da lasisin Pro suke zuwa. Na ga ɗalibin da ya kai irin wannan kwamfuta wani shago a ɗora masa Windows, aka goge halastacciyar Pro da ke ciki, aka sa masa ta bayan fage, ya kuma biya ladan aiki yana godiya. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Kuɗin da za ka kashe na data ne: fayil ɗin ya haura gigabait 5, ga faci na biyo baya. Ka yi amfani da intanet ɗin makaranta ko datar dare, ka cika batir, kada a ɗauke wuta aikin yana tsakiya. Ka kwafe fayilolinka a filas tukuna. In sabuwar ba ta yi maka ba, akwai kwana 10 na komawa baya. Ka sani kuma sabon girki na Windows 11 yana neman intanet da asusun Microsoft.

Windows 11 Education ta hannun makaranta

Wannan ce magajiyar tsohon ragin ɗalibai, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi bayani, domin sunan yana ruɗin mutane. Wasu suna zaton ragaggiya ce ta yara. Ba haka ba ne, kusan ita ce Enterprise da manyan kamfanoni ke amfani da ita: tana da BitLocker na kulle ma'aji, da Hyper-V na gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta, da damar shiga injinka daga nesa. Kowane fitowar shekara tana samun tallafin wata 36, alhali Home da Pro wata 24 suke samu kafin dole a matsa zuwa na gaba.

Ba a sayar da ita a kanti. Sai makarantarka tana da yarjejeniya da Microsoft, kuma shaidar da ake nema ita ce imel ɗin makaranta, irin mai ƙarewa da edu.ng a Najeriya. Katin shaidar ɗalibi shi kaɗai ba ya buɗe ƙofar. Hanyoyin da aka saba bi su ne shagon OnTheHub na makarantar, ko sashen manhajoji na shirin Azure na ɗalibai, wanda tsofaffin ɗalibai suka sani da sunan DreamSpark. Abin da ke cikin jerin ya danganta da yarjejeniyar kowace makaranta: wata ta buɗe wa kowa, wata sai 'yan sashen kimiyya da injiniya, wata ba ta da shi sam. Tattaki ɗaya zuwa cibiyar fasahar sadarwa ta makarantarku zai raba gardama. Ka yi musu tambaya uku: akwai shi? Lambar lasisi za a ba ni ko da asusun makaranta zan shiga? Me zai faru in na kammala?

Tambaya ta biyun ita ce mai ƙashi. In lamba aka ba ka, ka rubuta ta a littafi ka adana, domin ranar da aka rufe imel ɗinka ba ka da hanyar sake ganin ta. In kuwa lasisin a ɗaure yake da asusun makaranta, to aro ne, ranar da aka soke asusun kwamfutar za ta sauka zuwa matakin da take a da. Akwai wani tarko kuma. Lokacin shiga da imel ɗin makaranta, wani akwati yakan fito yana neman ka yarda hukumar ta riƙa sarrafa na'urarka. Mutane suna danna "to" ba karatu. Kwamfutarka ce, da kuɗin iyayenka aka saya, cire alamar. In ka bari, ma'aikatan makaranta na iya ɗora maka dokoki, kuma mabuɗin ceto na BitLocker yana iya tafiya asusun makarantar. Ka ƙaddara ka gama bautar ƙasa, an rufe asusun, wata safiya kwamfuta ta nemi lambobi 48 kafin ta buɗe, ga kundin digirinka da hotunan shekara huɗu a ciki. Duk wanda ya kunna BitLocker ya buga wannan mabuɗi a takarda.

Abu uku kuma. Lasisin na ɗorawa ne a kan halastacciyar Windows da ake da ita, kuma don karatu aka bayar, ba don shagon buga takardu ba. Daga Home zuwa Education canjin lamba ne kawai, amma dawowa Home sai an goge komai an sake girki. Sannan Education ba ta sassauta sharuɗɗan inji, zubi na shida yana nan a na shida ko da imel ɗin jami'a goma.

Saye da kuɗi: Home ko Pro

A shagon Microsoft na Amurka, Home dala 139 ce, Pro 199, ɗagawa daga Home zuwa Pro kuma 99. Babu farashin ɗalibi a kan waɗannan. Ragin da shagon ke yi wa ɗalibai, wanda ba ya wuce kashi 10 cikin 100, a kan wasu na'urori ne, kuma a ƙasashen da shagon ke aiki. In ka juya dala 139 zuwa naira, ta fi ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Ɗalibin da ke rayuwa da dubu 20 ta NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnati, a wata, ai ba da shi ake wannan zance ba.

Amfaninsa ɗaya ne: lasisin kanti naka ne, kana iya cire shi daga wannan kwamfuta ka kai wata. Wanda ya haɗa kwamfutar tebur da kansa shi ne mai bukatarsa. Maganar Pro kuwa, a ganina ɗalibi tara cikin goma ba zai taɓa jin bambancinta da Home ba. Ba ta fi sauri ba, ba ta fi riƙe caji ba. Ko masu koyon rubuta manhaja, WSL da VirtualBox, masu gudanar da wata babbar manhaja a cikin Windows, duk suna aiki a Home.

Zama a Windows 10 da ƙarin wa'adi

Tallafin Windows 10 ya tsaya ranar 14 ga Oktoba 2025, shekara goma bayan fitowarta. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana tashi tana aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga ranar ba mai toshe ta. Microsoft ya buɗe shirin ESU na facin tsaro kaɗai, da wa'adin da ya sanar zuwa 13 ga Oktoba 2026. Hanyoyin shiga uku ne: dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in ka yarda a riƙa adana saitunanka a asusun Microsoft. Dole injin ya kasance a kan fitowar 22H2. Makarantu suna da nasu farashin na dala 1 a shekarar farko, 2 a ta biyu, 4 a ta uku, amma na kwamfutocin makarantar ne, ba na laftof ɗin ɗalibi ba.

Shi ne mafi sauƙi, ba a taɓa fayil ko ɗaya. Amma jinkiri ne, ba magani ba. Bayan wa'adin, kwamfutar da kake shiga banki da ita, kake soka mata filas ɗin kowa a wurin buga takardu, ta zama gida ba ƙyaure. Office 2016 da 2019 ma a ranar 14 ga Oktoba 2025 ɗin nasu tallafin ya ƙare.

Tura Windows 11 dole a kan tsohon inji

Manhajar Rufus tana iya tsallake binciken TPM da firosesa, kuma yawancin tsofaffin laftof da ke kasuwa ɗauke da Windows 11 ta haka aka ɗora musu. Lasisinka bai lalace ba, kuma a zubi na shida ko na bakwai mai RAM gigabait 8 da SSD aikin yana tafiya lafiya lau. Matsalar ita ce Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin turo wa irin waɗannan faci ba. Facin wata-wata yakan zo, amma babban canjin shekara sau da yawa sai ka yi shi da hannunka, in ka manta kuma bayan wata 24 ka koma inda ka baro. Wanda ya iya girki da kansa zai iya zama da wannan. Wanda sai ya kai shago, zai riƙa biya duk shekara.

Lambobin araha da Windows ɗin bayan fage

Za ka ga ana tallar lambar Pro a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba. Yawancinsu lambobin kamfanoni ne ko na makarantu da aka sayar ba bisa ƙa'ida ba. Wata ta yi shekaru tana aiki, wata a toshe ta bayan wata uku, kuma ba wanda za ka kama. Araha ba ta ado. Mafi muni su ne ƙananan manhajojin kunna Windows da ake saukewa a shafukan da ba a san masu su ba, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe Defender. Ka kori maigadi da hannunka ka ba baƙo makullin ɗaki.

In kana so ka san irin wadda ke kwamfutarka, buɗe Command Prompt ka rubuta slmgr /xpr. In ta ce kunnawar ta dindindin ce, to madalla. In ta nuna ranar ƙarewa, a kwamfutar da ka saya a kasuwa, to da dabarar KMS aka kunna ta, wato kwaikwayon hanyar da kamfanoni ke kunna kwamfutocinsu, wadda ke neman sabuntawa duk kwana 180. Ni da a sa mini wannan, gara na zauna da Windows da ba a kunna ba, mai ɗan rubutu a kusurwar allo, na haƙura da canza hoton bango har in samu halastacciya.

Linux, da ɗan tsokaci kan ChromeOS Flex da Mac

Linux kyauta ce ga kowa, ba ruwanta da imel ko zubi. Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 duka suna da tallafi har 2029, kuma Mint ta fi kama da Windows a ido, fayil ɗinta kusan gigabait 3. Tsohuwar laftof takan farfaɗo da ita. Kana iya gwada ta daga filas ba tare da goge komai ba, ka ga ko wayafai da sauti da firinta suna aiki. Python, R, MATLAB, QGIS, Zotero da LibreOffice duk suna nan. Abin da babu shi ne AutoCAD, Revit, SolidWorks, ArcGIS Pro, CorelDRAW, Photoshop, da cikakkiyar Microsoft Office. Word na intanet yana buɗewa a burauza, amma sai da data. Kundin da ka tsara a LibreOffice kan ɗan goce in an buɗe shi a Word, lambar shafi ta yi tsalle, jadawali ya karkace, kuma malamin da ke duba aikinka ba zai saurari uzuri ba. Mayar da shi PDF kafin bugawa. Wasu manhajojin tsaron jarrabawar intanet ma ba su da na Linux.

ChromeOS Flex na Google kyauta ne, mara nauyi, amma rayuwarsa a intanet take, kuma ba ya ɗaukar manhajojin Android. Inda data ke da tsada ban cika ba da shawararsa ba. Mac kuwa sabuntawarta kyauta ce, ragin ɗalibai na Apple a kan na'ura yake. Mai shirin sayen MacBook na gwanjo ya sani macOS Tahoe 26 ce ta ƙarshe da ke ɗaukar masu firosesar Intel.

| Zaɓi | Kuɗi | Tsawon rai | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Hawa 11 da lasisin inji | Data kawai | Har ƙarshen na'urar | Mai sauƙi | Yankewar wuta ana tsakar girki |
| 11 Education | Kyauta in makaranta na da shi | Ya danganta da irin lasisin | Matsakaici | Rufe asusu bayan kammalawa |
| Sayen Home ko Pro | Dala 139 ko 199 | Naka ne, yana bin ka | Biyan dala ne wahalar | Sayen abin da kake da shi |
| Windows 10 da ESU | Kyauta ko dala 30 | Gajere | Mafi sauƙi | Mantawa da wa'adi |
| 11 a tsohon inji | Data ko ladan mai gyara | Ba tabbas | Sai gwani | Tsayawar faci |
| Lambar araha ko ta bayan fage | Kaɗan | Ba tabbas | Mai sauƙi | Toshewa, satar bayanai |
| Linux Mint ko Ubuntu | Data kawai | Har 2029 | Sai an koya | Rashin manhajar kwas |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai zubi na takwas zuwa sama da halastacciyar Windows 10: hau 11 a ƙarshen makon nan, ka manta da zancen ragi.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko tsaron intanet da ke kan Home, yana bukatar Hyper-V ko dokokin rukuni (Group Policy, na sarrafa saitunan kwamfuta) don darasi: nemi Education a makaranta kafin ka yi tunanin dala 99. In Pro ce a injinka tun asali, bar ta yadda take, ƙarin da za ka samu bai kai rigimar ba.

Mai zanen gini, injiniyanci ko taswira a kan tsohon inji: Linux ba taka ba ce. Kuɗin da za ka zuba a lasisi, ɗora su a kan abin da za ka samu in ka sayar da tsohuwar, ka nemi zubi na takwas. Ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, kunna ta a gaban mai shago, karanta lambar firosesa da idonka, rubuta umarnin nan na slmgr, sannan a yi ciniki.

Mai karanta Shari'a, Hausa, Tarihi ko Ilimi, wanda aikinsa rubutu da karatun PDF ne, injin kuma ya tsufa: gwada Mint daga filas na mako guda. Haka mai koyon rubuta manhaja, shi ma riba zai ci.

Wanda ke tsakiyar rubuta kundin kammala karatu: kada ka taɓa komai sai ka kare shi a gaban malamai. Shiga ESU in ƙofar na buɗe, ka ajiye kwafin aikin a wuri biyu.

Ita ƙanwar tawa, lambar da ta turo i5-6300U ce, zubi na shida, makarantarsu kuma ta ba ta imel amma babu Windows a jerin abin da yake buɗewa. Muka shigar da ita ESU ta hanyar kyautar, na sa mata Mint a filas tana gwadawa in ta dawo daga lacca. Kuɗin da ta so tanada don ragin suna cikin adashin da take zubawa, za ta kwasa a hutun ƙarshen zango ta canza inji.